Yadda za a bi da mai hawan jinin da ya ƙi sauka a asibitin sha-ka-tafi

A cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke Kuje, Bwari, Kwali da sauran ƙananan hukumomin Abuja, ma'aikacin lafiya yakan gamu da mutumin da ya daɗe a kan magani, amma duk zuwa sai awo ya nuna 140/90 ko sama da haka. Kafin a ce maganin ne ya gaza, akwai abubuwan da ya wajaba a tabbatar.

A fara da awon kansa. Wanda ya sauko daga babur cikin zafin rana, aka ɗaura masa na'ura yana haki, ba a samu awonsa na gaskiya ba. A bar shi ya zauna minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, kuma kada a ja shi da hira. Idan damtsensa mai kauri ne a nemi babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba. A auna sau biyu.

Daga nan sai batun shan magani, kuma a nan yawancin matsalar take kwance. Idan aka tambayi dattijo ko yana shan maganinsa, kunya za ta sa ya ce yana sha. Gara a ce, "Baba, a makon nan kwana nawa ba a samu sha ba?" sannan a roƙe shi ya riƙa zuwa da kwalin, a ga abin da ya rage. Wani ya daina ne saboda kuɗi, wani saboda ƙwayar hawan jini ta amlodipine ta kumbura masa ƙafa, wani kuma don ciwon kai ya tafi ya ɗauka ya warke, ko ya koma kan tafarnuwa da zoɓo. Kowane dalili da maganinsa, kuma faɗa ba ya cikinsu. Mai azumi a tsara masa sha da sahur ko bayan buɗa-baki.

A bincika abin da yake saye a kemis. Diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa suna ɗaga jini, haka ma wasu magungunan mura da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin, don haka a yi bayanin a gaban wadda ke girkin.

Idan awo daidai ne kuma ana shan magani, to kada a ci gaba da cewa "mu gani wata mai zuwa". Tsarin da Najeriya ke bi a matakin farko yana farawa da amlodipine miligiram 5, a ƙara losartan 50, sannan a ɗaga su zuwa 10 da 100, daga nan a haɗa da hydrochlorothiazide 25, ana duba mutum wata-wata tsakanin kowane mataki. Ba a ba mai ciki ko mai neman ɗaukar ciki losartan, kuma ya kamata a duba ƙoda da suga.

Wanda ya cika magunguna ukun nan jinin bai sauka ba, a tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da takarda mai ɗauke da awonsa da magungunansa. Idan kuwa awo ya kai 180/110 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, a tura shi nan take, kada a ce ya je gida ya dawo gobe.