Yadda za ka koyar da ajin keken motsa jiki ga ɗaliban jami'a ba tare da ka kwantar da wani a asibiti ba

Ranar farko da aka ba ni ajin keke a ɗakin motsa jikin ɗalibai na wata jami'a a Amurka, ni a tunanina aikin kawai in hau keke a gaba in kunna kiɗa in ta ihu su kuma su bi ni, to ashe ba haka abin yake ba, rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a fara taka feda. Shi ya sa idan kai ma an ce ka zo ka riƙe aji, ko kana neman aikin don samun ɗan kuɗin kashewa kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi a can, ga abin da na koya, wani da daɗi wani kuma sai da na sha kunya.

Da farko ka san irin keken da za ka ɗora mutane a kai. Wannan harka wani ɗan tseren keke ne haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Johnny Goldberg, wanda aka fi sani da Johnny G, ya faro ta a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana atisayen gasar tsallaka Amurka a keke, shi ne ya haɗa keken da zai riƙa tukawa a gida, daga baya abin ya zama Spinning da kowa ke kira yanzu. Abin da ya bambanta shi da keken da muka taso muna haya a unguwa shi ne, a gaba akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, a wasu kekunan yana kai kilo 18, kuma yawancinsu ba su da firiwil. Ma'ana in faifan na juyawa feda ma juyawa take, ba ruwanta da ko ka gaji, in ka tsaya cak da ƙafa ita ba za ta tsaya ba, sai dai ta fizge ka ko ta dokar maka ƙauri. Birkinsa shi ne abin murɗawar nan da ke ƙasan kan keke, yawanci ja ne, in ka murɗa dama tuƙi ya yi nauyi, in ka murɗa hagu ya saki, in ka danna shi ƙasa faifan ya tsaya nan take. Wannan dannawar ita ce abu na farko da nake sa kowa ya gwada, sau biyu ma, kafin mu yi maganar komai.

Sai ka zo da wuri, aƙalla minti 15 kafin lokaci, ka tsaya a bakin ƙofa kana tambaya waye yau ne zuwansa na farko. Wasu ba za su faɗa ba saboda jin kunya, musamman samari, amma za ka gane su ai, su ne masu tsayawa suna kallon keken kamar sun ga baƙon abu ko kuma su haye kawai yadda na baya ya bar shi. Daidaita sirdi abu ne mai sauƙi amma shi ne ke raba wanda zai dawo da wanda zai tafi da ciwon gwiwa yana zaginka a zuci. Mutum ya tsaya a gefen keke, a ɗaga sirdi ya zo daidai ƙashin ƙugunsa, sannan ya hau ya kai feda ɗaya can ƙasa, gwiwar ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kamar digiri 25 zuwa 35, kar ta miƙe sambal kar kuma ta naɗe. In ka ga ƙugunsa na karkata hagu da dama yana tuƙi, sirdin ya yi sama da yawa. In gwiwoyi na buɗewa waje kamar babba ya hau keken yara, ya yi ƙasa. Sannan a duba gaba da baya, idan fedoji biyu suka yi daidai a kwance, gwiwar ƙafar gaba ta kasance a saitin tsakiyar feda. Kan keke kuwa ga sabon shiga gara a ɗaga shi daidai sirdi ko ma sama, bayansa zai gode maka. Ka ce kowa ya ɗauki hoton lambobin da ke jikin sandar sirdi da waya, gobe ba sai ka sake yi masa ba.

Ƙafa ta shiga kejin feda da faɗin tafin gaba, a ja maɗauri, a cusa igiyar takalmi ciki. Doguwar riga da wando mai faɗin ƙafa su ma haɗari ne. Ina da ɗalibai mata musulmi 'yan ƙasashe daban-daban da ke zuwa da hijabi, ba wata matsala, abin da nake roƙonsu kawai shi ne ya zama gajere ko a cusa shi cikin riga kar ya riƙa reto kusa da ƙarfe, kuma su zauna kusa da fanka.

Yanzu tsarin ajin kansa. Yawanci minti 45 ne, ni kuma haka nake raba nawa, minti 8 zuwa 10 na farko ɗumama jiki, tuƙi mara nauyi ana hira, sai kamar minti 28 zuwa 30 na ainihin aiki, sauran kuma a sauko a hankali a miƙe jijiyoyi. Ainihin aikin ba wani abu ba ne illa wasa da abu biyu, nauyi da sauri. A shimfiɗaɗɗiyar hanya feda na zagayawa sau 80 zuwa 110 a minti, a hawan tudu kuma 60 zuwa 80 da nauyi sosai. In kekunan ba su da allon da ke nuna lamba ba damuwa, ka ce kowa ya ɗora hannu saman gwiwa ɗaya ya ƙirga sau nawa ta taɓo shi cikin daƙiƙa 15, sai a ninka sau 4, wanda ya samu 22 kenan yana kan 88. Misalin da nake yawan yi wa sababbi shi ne tudu uku, kowanne minti 4, minti biyun farko a zaune ana ƙara nauyi kaɗan kaɗan, minti ɗaya a tsaye, minti ɗaya a koma zaune ba tare da an rage ba, sai hutun minti 2, daga nan a rufe da gudu na daƙiƙa 30 da hutun minti ɗaya sau huɗu ko biyar. Ya isa wallahi, ba sai ka ƙirƙiro wata rawa a kan keke ba. Ni dai ban yarda da masu sa mutane yin fushof a kan keke ko su cire sirdi gaba ɗaya don dole a tsaya ba, wannan burga ce kawai ta bidiyo.

Ka rubuta tsarin a takarda ka manna a kan kekenka, minti kaza abu kaza, don in kiɗa ya ɗauke ka za ka manta inda kake.

Kiɗan ma da lissafinsa. Waƙar da bugunta ke kai 128 a minti, in kowane bugu ƙafa ɗaya ta taka, zagaye 64 kenan, ta dace da tudu. Ka saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe kafin ka sa ta, ni na taɓa sa wata da ban gama ji ba, ana tsakiyar hawa sai ga batsa tsagwaronta ta lasifika, ga shugabar sashen tana tsaye a ƙofa, ban san lokacin da na diro daga keke ba. Kuma kar ƙara ta kai inda sai ka yi ihu da makirfo kafin a ji ka.

To ga inda na fi so ka tsaya ka karanta da kyau. Ɗaliban jami'a ba kamar mutanen jim na cikin gari ba ne. Farkon zangon karatu aji zai cika maƙil da waɗanda ba su taɓa hawa irin keken nan ba, ga ƙuruciya ga gasa, wani abokinsa ne ya jawo shi, wani ya ga 'yan mata a layin gaba ba ya so a ga gazawarsa, wani bai yi barci ba jiya bai karya ba sai kofi. Irin waɗannan in ka ce a ƙara nauyi za su murɗa har ƙarshe su kuma ƙi ragewa ko da idonsu na juyawa. Akwai wani yaro da ya zo min sau ɗaya, ƙaƙƙarfa ne yana buga ƙwallo tun sakandare amma ya daɗe bai motsa ba, ya tuƙa minti 45 kamar ana bin sa, ni kuma a raina har ina yaba shi. Bayan kwana biyu cinyoyinsa suka kumbura ya kasa sauka matattakala, fitsarinsa ya koma kalar ruwan shayi mai duhu, sai da ya kwana uku a asibiti ana ƙara masa ruwa. Abin da ya faru shi ne tsokar ta farfashe ta zuba wani sinadari cikin jini wanda ke iya toshe ƙoda, likitoci na kiran ciwon rabdo a taƙaice, kuma an san shi sosai da kama masu zuwa ajin keke karon farko. Tun daga ranar na sauya magana, duk sabon shiga ina ce masa yau rabin ƙarfinka nake so, in ka gaji a minti 20 ka sassauta ko ka sauka ba wanda zai kalle ka, kuma ina faɗa wa aji duka alamomin nan guda uku, ciwon cinya da ya wuce misali, kumburi, da baƙin fitsari, duk wanda ya gani ya wuce asibiti kar ya jira gobe.

Akwai kuma maganar sikila wadda mu ta shafe mu kai tsaye. Mai AS lafiyarsa ƙalau yake motsa jiki, amma tsananin wahala lokaci guda tare da zafi da ƙishirwa na iya ba shi matsala, shi ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta NCAA ta fara bukatar gwajinsa ga 'yan wasan babban rukuninta tun 2010. Ba aikinka ba ne ka tsare mutum a gaban jama'a kana tambayar jininsa, ka dai ce duk mai wata larura, asma ko ciwon zuciya ko sikila ko mai juna biyu, ya same ka a gefe kafin a fara. Haka lokacin azumi, ɗalibai masu azumi nakan ce su zo ajin dare bayan an sha ruwa, in kuma sun nace da na rana to su zauna a sirdi ba gudu ba tudu.

Ta yaya za ka san mutum ya wuce gona da iri? Akwai lissafin cire shekaru daga 220, ɗan shekara 20 kenan ƙololuwar bugun zuciyarsa wajen 200, amma kintace ne kawai kuma ba kowa ke da agogon awo ba. Ni na fi amfani da lamba 1 zuwa 10, wato mutum ya auna wahalar da yake ji da kansa, 1 ba wahala 10 ƙarshen ƙarfinsa, ɗumama jiki a 3 ko 4, tudu a 6 zuwa 7, gudu a 8, sababbi kar su wuce 6. Sannan gwajin magana, ka matsa kusa ka tambaye shi wane kwas yake yi, in ya amsa da jimla cikakkiya lafiya lau, in kalma ɗaya ma da ƙyar ta fito ka kai hannu ka nuna masa ya rage. Wannan na nufin sai ka riƙa sauka daga kekenka kana zagayawa, ajin ba atisayenka ba ne, naka ka yi shi wani lokacin. Wanda ke tsalle-tsalle a kan sirdi nauyi ya yi masa kaɗan, faifan ne ke tuƙa shi, kuma kar kowa ya miƙe tsaye babu nauyi a feda, gwiwa ce za ta biya. Wanda ya ƙanƙame kan keke kafaɗu sun kai kunne ka ce ya saki jiki. Ka riƙa sanar da abin da ke tafe, saura daƙiƙa 10 mu tashi, kuma ka faɗi tsawon lokacin da za a ɗauka, mutum ya fi jurewa in ya san ƙarshen wahalarsa. Gyara kuwa ka yi wa aji duka ba tare da kiran suna ba, in ka ce kai mai jar riga gyara zamanka to ka rasa shi kenan.

Sunaye dai ka haddace su, ko biyar a mako. Lokacin jarabawa aji zai koma mutum shida ko bakwai, kar ka ji haushi, ka rage wahalar ka sa kiɗa mai sanyi, su ma don su sauke gajiyar karatu suka zo.

Takardar shaida ma kar ka raina ta, yawancin jami'o'in can ba za su ba ka aji ba sai kana da horon farfaɗo da zuciya da na amfani da na'urar AED, wato wadda ke ba zuciya shokin lantarki don bugunta ya dawo daidai, wasu su haɗa da shaidar koyarwa daga kamfanonin wannan harka irin su Spinning ko Schwinn ko makamantansu. Ka san inda na'urar take rataye da lambar da za ka kira tun kafin ranar buƙata.

In an gama kar kowa ya dira nan take, a saki nauyi a yi tuƙin minti 4 ko 5 har numfashi ya dawo, don wanda ya tsaya kwatsam jini na taruwa a ƙafafu jiri ya kwashe shi. A danna birki, a cire ƙafa, a sauko ƙasa a miƙe cinya gaba da baya da sha raɓa, ba a kan keke ba. Sai kowa ya ɗauki tsumma ya goge sirdi da kan keke da duk inda zufa ta zuba saboda gishirinta na cin ƙarfe, a kwance abin murɗawar gaba ɗaya, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ka ji fedarsa na ƙara ko sirdinsa na rawa ka manna masa takarda ka rubuta lambarsa a littafin gyara kafin ka kashe fanka.