Haɗa Jerin Karatun Kwas da Zotero da Moodle

Malam, buɗe wa kowane kwas jaka ɗaya a Zotero (manhajar tattara bayanan littattafai da maƙalu), ka raba ta mako-mako. Shigar da littafi da lambar ISBN (lambar shaidar littafi), maƙala da DOI (lambar shaidar maƙala a intanet), bayanan za su zo da kansu. Amma duba sunayen marubutanmu, domin sunan mahaifi kan faɗa gurbin sunan yanka, jerin ya rikice.

Fitar da jerin a salon APA (wani tsari na rubuta jerin madogara), ka liƙa a sashen makon a Moodle (shafin intanet da ake ɗora wa ɗalibai kayan kwas).

Kafin ka saki, gwada kowane mahaɗi a wayarka da datarka. Maƙalar da ta buɗe da intanet ɗin jami'a, ɗalibar da ke Rijiyar Zaki tana iya tarar da ana neman kuɗi, saboda rajistar ɗakin karatu ba ta bi ta gida ba.