Kafin ka sayi maganin sanƙo saboda wani bidiyo da ka gani

Abu na farko dai ka san wane irin zubewar gashi ke damunka, don ba kowanne ne sanƙo ba. Sanƙon gado shi ne mai farawa ta gefen goshi ko tsakiyar kai yana ci a hankali shekara da shekaru. Akwai makero, akwai wanda gashin ke zubewa wuri ɗaya a zagaye, akwai na mata da kitso mai tsauri ke cinye musu gaban goshi, sai kuma na bayan haihuwa ko bayan doguwar jinya wanda galibi da kansa yake dawowa. To irin wannan na ƙarshen, mai shi zai zo Facebook ya rantse maka da Allah wai man da ya shafa ne ya yi aiki, kuma ba ƙarya yake ba a ransa, gashin ne dama zai fito ko ya shafa ko bai shafa ba.

Na biyu ka tambayi sunan sinadarin, ba sunan kwalba ba. A sanƙon gado magunguna biyu ne suka fi samun shaidar bincike. Minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da na shafawa a 1988, ana samun mai kashi 2 da mai kashi 5 cikin ɗari. Sai finasteride, ƙwayar miligiram 1 da aka amince wa maza a 1997, aikinta rage DHT, wani sinadari da jiki ke samarwa mai ƙanƙantar da tushen gashi. Duk wanda ya ce maka haɗinsa sirri ne ba zai faɗi abin da ke ciki ba, wallahi riƙe kuɗinka.

Sai batun lokaci, nan ne ake cin mutane. Waɗannan magungunan sai an yi wata 3 zuwa 6 ana amfani da su kullum kafin a ga wani abu, wani ma a makonnin farko na minoxidil gashin ƙara zubewa yake yi sai ya tsorata ya daina ya je ya rubuta cewa maganin banza ne, wani kuma yana can yana cewa nasa sati biyu ya cike masa kai. Duka biyun kada ka ɗauka. Kuma ranar da ka daina, cikin 'yan watanni abin da ya fito zai koma, masu talla ba sa son faɗin wannan.

Hoton "kafin da bayan" kuwa ka zuba masa ido sosai. Na farko an jiƙa gashin an haska fitila a tsakiyar kai, na biyu gashin ya bushe an taje shi gaba, ɗakin ma da ɗan duhu. In ƙarshen bidiyon akwai lambar WhatsApp da "saura kwalba biyar", ai ka san da ɗan kasuwa kake magana.

Mai gaskiya zai faɗi illa. Finasteride na rage wa wasu maza sha'awa, kuma mace mai ciki ba a so ta sha ko ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Minoxidil na iya sa ƙaiƙayi, in ya gangaro fuska gashi ya fito inda ba a so. Biotin, wani bitamin da ake ta yayi, in ba ƙarancinsa gare ka ba babu wata ƙwaƙƙwarar shaida, har ma yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, don haka ka gaya wa likita in kana sha.

In ka yanke shawarar farawa, ga likitan fata tukuna, musamman kan ƙwayar sha. A Najeriya ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, sannan ka ɗauki hoton kanka duk wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, bayan aski iri ɗaya, don ka ga ko maganin na aiki.