Yadda ake tattara tarihin garin bakin kogi: misalin Yawuri

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da dama a ƙasar Yawuri, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin matsugunai. Waɗanda suka yi wayo a tsofaffin wuraren yau sun haura shekara 60. Da su za a fara aiki, takarda na iya jira.

Da farko a je gaisuwa fada ko wurin hakimi, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Baƙon da ya faɗo wa dattijo da waya a hannu ba abin da zai ji sai "ban sani ba".

Sai zaɓen masu magana. Fadawa jerin sarakuna za su ba ka, amma labarin kogi yana bakin Sarkin Ruwa, da Sarkawa masunta, da matuƙa kwalekwale, da tsofaffin mata masu bandar kifi. Bagunge, wato ɗan ƙabilar Gungawa mazauna tsibirai, a bar shi ya yi magana da harshensa na Gunganci, a fassara daga baya, domin sunayen tsibirai da na kifi a wajen fassara suke salwanta.

A ɗauki murya cikin zaure, ba a bakin ruwa ba, saboda iska da ƙarar injin jirgi suna danne magana. Waya ta zauna kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana. A fara da faɗin sunansa, da wuri, da kwanan wata. Kada zama ya wuce awa ɗaya, gara a dawo gobe. Kada kuma a tambaye shi "a wace shekara?" A ce "zamanin wane sarki?" ko "kafin tashi daga tsohon gari ko bayan tashi?", daga baya a daidaita da takardun lardi da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna.

Wasiƙun ajami, takardun haraji da tsofaffin hotuna a ɗauke su hoto a gaban mai su, a mayar masa nan take. Raɓa da gara ne ke gamawa da su a garin ruwa. Ban da selotef, ban da laminatin, ban da ƙulle su a leda, don tana riƙe danshi. A sa farar takarda tsakaninsu, a zuba a akwatin ƙarfe, a ɗora nesa da ƙasa da bango.

Kowane abu a yi masa kwafi 3: ɗaya wurin mai aikin, ɗaya a intanet, ɗaya a fada ko makarantar garin. Iyalin dattijon ma a tura musu muryarsa.