Yadda mai ciwon baya ko gwiwa zai fara yoga a gida ba tare da ya ƙara wa kansa ciwo ba

Duk wanda ya taɓa ganin masu yoga a waya, mutum ya kifa kai ƙasa ƙafa sama ko ya maƙale ƙafa a bayan wuya, zai ce wannan ai ba ta mai ciwon baya bace. Da gaskiyarsa kuwa, waccan ba tamu bace. Wadda zan faɗa anan yawancinta kana kwance kan tabarma zaka yi, minti 10 ya isa, kuma dan masu tsohon ciwo ce, wanda ya wuce wata 3 yana tafiya yana dawowa, irin ciwon ƙugun manomin da ya shekara da shekaru duƙe da fartanya, ko matar da kullum tana tsakanin turmi da guga, ko ɗan acaban da yake wuni yana shan gargada a hanyar burji.

Yoga motsa jiki ce ta miƙa da numfashi, daga Indiya ta fito, kuma nasan abin da za'a fara tambaya kenan, maganar addini. Eh akwai ɓangaren da ya haɗu da bautar Hindu, irinsu maimaita wasu kalmomi da wani jerin motsi da suke cewa gaisuwar rana, wannan ka barshi can. Majalisar malaman Indonesiya ma a 2009 haka ta raba abin, ta hana mai haɗe da waɗancan karance-karancen ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Mu miƙa da numfashi kawai muke nema, in ranka bai kwanta ba ka tambayi malamin garinku. A ɓangaren asibiti kuma, a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta saka yoga cikin abubuwan da take so mai daɗaɗɗen ciwon baya ya gwada kafin a kai ga magani. Sauƙi take kawowa kaɗan-kaɗan, kar wani ya ce maka waraka ce.

Amma dan Allah akwai wanda bai kamata ya fara ba sai likita ya ganshi. In ciwon bayan yana tare da zazzaɓi ko rama ko gumin dare, in ƙafa tana mutuwa ko tana jan ƙasa, in tsakanin cinyoyi ya dena ji ko fitsari da bayan gida suna ƙwacewa, ko kuma ciwon bayan faɗuwa ne daga mashin ko bishiya, to wannan ba maganar tabarma bace. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, mutane suna ta cewa sanyi ne sanyi ne har baya yayi doro. A je babban asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu zasu tura ka Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, mutanen Jigawa kuma ga Rasheed Shekoni a Dutse ga na Birnin Kudu. Mai sikila da kwankwaso ke damunsa shima a fara ɗaukar hoto tukuna.

Kayan aiki ba sai ka sayi komai ba. Tabarma a ƙasa mai tauri, ka ninka bargo ka shimfiɗa a kai, matashin kai ɗaya, sai zani ko rawani. Katifa bata yi, tana lotsawa. Kar ka yi da cikakken ciki, kuma kar ka yi da tashinka daga barci dan lokacin baya a sandare yake, bari sai ka dawo daga masallaci ka ɗan zagaya, ko da yamma bayan la'asar. Da hunturu a ɗaki zaka yi, in da hali bayan wanka da ruwan ɗumi.

Kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora hannu a ciki ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 har kaji cikin ya ɗaga hannun, ka saketa a hankali kana ƙirga 6. Sau 10. Wannan da yawa suke rainawa su tsallake, alhali shine yake sa naman bayan da ya ɗaure ya saki, dan mai tsohon ciwo kullum jikinsa a ɗar yake ko shi bai sani ba. Daga nan ka matse ciki kaɗan har ramin nan na bayanka ya taɓa tabarma, ka saki, sau 8. Sai ka jawo gwiwa ɗaya wajen ƙirji, ta bayan cinya zaka riƙe ba ta kan ƙoƙon gwiwa ba, in hannu bai kai ba ka zarga zanin ka ja da shi, numfashi 5 ka canza ƙafa. Sannan ka haɗe gwiwoyin ka karkata su dama ka dawo ka karkata hagu, ba dole sai sun taɓa ƙasa ba, kafaɗu dai su zauna inda suke.

In wannan ya karɓe ka sai ka juya kayi rarrafe, hannu daidai kafaɗa gwiwa daidai ƙugu. Kana fitar da numfashi ka turo baya sama ka sunkuyar da kai, kana shaƙa ka saki cikin ya sauka ka ɗago kai kaɗan, a hankali fa, ba gasa ake ba. Mai ciwon gwiwa ya zauna a benci ya dafa gwiwoyinsa yayi wannan motsin, duk ɗaya ne. Bayan sati 2 zaka iya ƙara ɗaga ƙugu daga kwance, ka tokare da ƙafa ka ɗaga kaɗan ka sauke sau 5, yana ƙarfafa mazaunai da cinya, su kuwa sune suke rage wa baya kaya. A ƙarshe ka ɗora ƙafafu kan benci ko buhun hatsi ka huta minti 2. Wajen tashi kar ka zabura, mirgina gefe ka dafa ƙasa ka tashi.

To ga inda mutane suke ɓata abin. Jin jijiya tana ja ko ɗan tsami ba laifi. Amma suka, ko wani abu da ya tsarga maka ƙafa har yatsu, ko mutuwar jiki, tsaya nan take. Auna ciwonka daga 0 zuwa 10, kar motsi ya kai shi sama da 3 ko 4, kuma washegari ka duba, in ka tashi ya fi na jiya to ka zarce, ka rage rabi, ba wai ka dena gaba ɗaya ba. Jikin da ya daɗe da ciwo kamar busasshiyar fata ne a hannun baduku, in ya fizga tsagewa take, murzawa yake yana ƙarawa. Kuma ranar da kaji garau ita tafi haɗari, ranar ne mutum zai ce bari in rama na baya yayi awa guda, ya ƙara da faskare, sai ya kwanta kwana 3 yace yoga ce ta karya shi. Wallahi gara minti 10 kullum da awa ɗaya ranar Juma'a.

Kar kuma ka sha tiramadol ko haɗin kemis kafin ka fara dan kar kaji ciwo, ai jin ciwon shine birkinka. Su diklofenak da ibuprofen ɗin da ake haɗiya kullum kuwa suna jawo olsa suna taɓa ƙoda. Mai ciki kar ta kwanta rub da ciki, in cikin ya tsufa kuma ta kwanta a gefe ba rigingine ba, ta kuma faɗa a wajen awo. Mai hawan jini banda riƙe numfashi banda kifa kai. Su Baba da Inna da shekaru suka ja, banda duƙawa a ce sai an taɓo yatsun ƙafa.

Da damina in kana gona, duk ƙarshen kunya ka miƙe ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan gantsare baya sau 3 kafin ka kama ta gaba. In kayi wata 2 kana wannan kullum baka ga ko ɗan canji a barci ko tafiya ko ruku'u ba, ka nemi sashen gashin ƙashi a asibiti su duba ka su zaɓa maka motsin da ya dace da naka ciwon.