Yadda ake haɗa garkuwar mayaƙan Viking

Masu sha'awar tarihin Viking, wato mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da, da ke shirya wasannin kwaikwayon yaƙi a Turai da Amurka sukan fara da garkuwa, don ta fi takobi sauƙin yi. Samfurin da aka fi bi shi ne na jirgin ruwan Gokstad, wanda aka tono a ƙasar Norway a 1880. An jera masa garkuwoyi 32 a kowane gefe, wata rawaya wata baƙa, kowace faɗinta kusan santimita 94.

A fara da awo. Mutum ya dunƙule hannu, a auna daga gwiwar hannu zuwa dunƙulen, a ninka biyu a ɗan ƙara. Wannan shi ne faɗin garkuwar, yawanci yakan faɗa tsakanin santimita 80 da 90.

A samo alluna bakwai ko takwas na katako mara nauyi, wanda ya bushe sarai, a haɗa su gefe da gefe da manne mai ƙarfi, a matse su har kwana guda. Sai a zana da'ira a yanke da zarto. Kaurin kada ya wuce milimita 8 zuwa 10 a tsakiya, a kankare shi yana raguwa zuwa baki. Nan ne akasari ake ɓata aiki. Mutane na ganin kauri shi ne ƙarfi, su ɗauko filawud mai milimita 18, garkuwa ta fito kamar ƙyauren ɗaki, hannu ya sage cikin minti biyar. Ita kuwa garkuwar Viking juya ta ake yi ana kauce wa sara, shi ya sa take son sauƙi.

A huda rami a tsakiya, kimanin santimita 13, inda hannu zai shiga. Ƙoƙon ƙarfe ke rufe shi ta waje, maƙeri zai iya ƙera shi. Mariƙin itace ana kafa shi ta baya, ya gitta allunan, kusan daga baki zuwa baki. In aka sa shi a tsaye bin tsawon allunan, sara ɗaya zai tsaga garkuwar gida biyu. A buga ƙusoshi su ratsa, a lanƙwasa tsininsu ta baya.

Kafin a sa ƙoƙon, a manna yadin lilin ko siririyar fata gaba da baya. Fuska ɗaya kawai in aka rufe, katakon zai kantare yayin bushewa.

Bakin garkuwa ana naɗe shi da fatar shanu da ba a jeme ba. A jiƙa ta ta kwana, a huda ramuka santimita 2 daga baki, a ɗinke. Kada a ja ta da ƙarfi, domin tana bushewa za ta tsuke da kanta.

Fenti ne ƙarshe. Ja, baƙi, fari ko rawaya sun wadatar, da zane mai sauƙi.