Motar farko a Ingila: tambayi inshora kafin ka tambayi dillali

Ɗan Kebbi da ya sauka Ingila, ma'aikacin jinya ne daga Birnin Kebbi ko ɗalibi daga Aliero ko Zuru, da wuya ya cika wata uku bai fara leƙen motoci a waya ba. Ba laifinsa ba ne. Tsayuwa a tashar bas ƙarfe shida na safe cikin Janairu, ga duhu ga iska mai ratsa ƙashi, kan sa mutum ya fara lissafi ko bai shirya ba. Masu aikin kula da tsofaffi gida-gida kuwa, wasunsu wurin aikin ne ma ke ce musu sai da mota. To, tunda sayen ya zama dole, bari mu yi maganar yadda kuɗin da ka ware za su kai ka.

A gida mun saba da lissafi guda. Ka je wurin masu 'yan Kwatano, a yi tayi a yi albarka har a sallama, ka ba dillali la'adarsa, ka duba takardun kwastan, shi ke nan. Inshora takarda ce ta naira 15,000 da ake ajiyewa a aljihun mota saboda masu tsare hanya. Wanda ya shigo da wannan lissafin nan ƙasar, shi ne ke kashe duk abin da ya tara a kan mota, sannan ya bar ta a ƙofar gida ganye na zuba a kanta, don ba shi da abin biyan inshora. Ga sabon zuwa, kuɗin inshorar shekara ɗaya kan kai kuɗin ƙaramar tsohuwar mota, wani lokaci har ya wuce.

Dalili kuwa ba su san ka ba. Ko shekara ashirin ka yi kana bin hanyar Jega zuwa Yawuri ba ka taɓa goga wa kowa ba, yawancin kamfanoni ba za su lissafa maka ita ba. Suna duba shekarunka, da unguwar da kake kwana, da aikinka, da irin lasisin da ke hannunka, da rukunin motar. Yawancin motoci an sa su a rukuni daga 1 zuwa 50, kuma iya hawan rukuni iya hawan kuɗi. Saboda haka ga tsarin da nake ba kowa: in ka ga motar da ta kwanta maka, kada ka kira mai ita tukuna. Ɗauki lambarta ka shiga shafin kwatanta farashin inshora irin su Compare the Market ko MoneySuperMarket, ka cika bayananka na gaskiya, ka ga abin da za su ce. Yi wa mota uku ko huɗu haka a dare ɗaya. Za ka ga motoci biyu masu farashi ɗaya, amma tsakanin inshorarsu akwai kuɗin hayar ɗaki na wata guda. Abin da ya rage bayan ka cire inshora da haraji da ɗan abin gyara, shi ne kuɗin motarka na gaskiya.

Akwai abubuwan da ke rage ta ba tare da ƙarya ba. Biya na shekara gaba ɗaya ya fi sauƙi, domin na wata-wata yawanci da kuɗin ruwa a ciki. Yarda a maƙala maka ƙaramar na'urar da ke lura da tuƙinka kan sauke farashi. Kuma abin mamaki, cikakkiyar inshora sau da yawa ta fi wadda ke biyan ɓarnar wani kaɗai araha, don haka duba duka biyun. Wanda zai riƙa zagaya gidajen tsofaffi da motarsa lalle ya faɗa cewa da ita yake aiki, don inshorar zuwa ofis da dawowa ba ta rufe wannan ba. Kai abinci ko kaya don a biya ka ma nata rukunin daban.

Ƙaryar kuwa iri biyu ce ke yawo a cikinmu. Ta farko, a sa sunan wani ɗan uwa da ya daɗe a ƙasar a matsayin mai tuƙa motar, alhali kai ne ke tuƙa ta kullum. Zamba ce a dokarsu, kuma ranar da aka yi hatsari kamfani zai zame. Ta biyu, masu tallar inshora mai araha a WhatsApp, waɗanda za su karɓi kuɗinka su aiko da takarda mai kyan gani, ko dai ta jabu ko wadda za a soke bayan mako biyu. Motocin 'yan sanda a nan suna da kyamarar da ke karanta lamba, ba sai sun tsayar da kai sun tambaya ba. Tuƙi babu inshora tarar fam 300 ne da makin laifi 6 a lasisi, kuma ana iya ɗauke motar nan take. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 sun isa a soke lasisinsa ya koma farko.

Maganar lasisi ta shafi zaɓin mota fiye da yadda ake zato. Lasisin Nijeriya yana yi maka aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na nan. Sai ka nemi na koyo a hukumar ba da lasisi ta DVLA, fam 34 ta intanet, ka yi jarrabawar kwamfuta ta fam 23, sannan ta kan hanya, fam 62 a ranakun aiki. Layin ta kan hanya yana ɗaukar watanni, don haka wanda ya jira har watansa na goma ya makara. In wata 12 suka cika ba ka ci ba, ka koma ɗan koyo, sai da jan harafin L a gaba da baya da wani mai lasisi a gefenka. Sannan in da otomatik ka yi jarrabawa, otomatik kaɗai lasisinka ya yarda ka tuƙa. Ni dai ga wanda ke koyon bin hagu da shataletale mai hannu huɗu a lokaci guda, na fi son ya ɗauki otomatik ya huta, ko da za ta ɗan fi tsada.

Yanzu ita kanta motar. Sabuwa dal tana da daɗinta: garanti, ga kuma shekara uku ba ruwanka da gwajin lafiyar mota na MOT. Kia tana ba da garantin shekara 7 ko mil 100,000, Hyundai shekara 5, Toyota kuwa tana ƙara maka shekara-shekara har motar ta kai shekara 10 ko mil 100,000, muddin a garejinsu kake sabis. Dacia Sandero, wadda ke cikin mafi araha a sababbi, tana farawa ne a wajen fam 15,000, Kia Picanto tana ɗan sama da haka. Amma darajar sabuwar mota ta fi zubewa a shekarunta na farko, kuma kai ne za ka ɗauki wannan asarar. In da ni ne da wannan kuɗi a hannu, zan nemi wadda ta yi shekara biyu ko uku, wani ya riga ya sha faɗuwar, ni kuma in gaji ragowar garantin. Lambar mota tana canzawa a Maris da Satumba, kuma a waɗannan watanni dillalai kan cika da motocin da aka kawo musanya, sun fi sauraron tayi.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, kuma su ne mafi yawanmu, ya nemi Toyota Yaris ko Honda Jazz ko Skoda Fabia mai fetur da tarihin sabis a rubuce. Mai iyali ya duba Corolla ko Skoda Octavia, wadda but ɗinta ke haɗiye keken yaro da buhun shinkafa da cefanen mako ba gardama. Ku tuna yaro sai da kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, kuma kujeru uku ba sa shiga bayan ƙaramar mota. Je da kujerun ranar dubawa ka gwada, ba abin kunya ba ne.

Jarabar da ta fi kama mu ita ce babbar motar Jamus mai shekara goma sha biyar. Za ka gan ta baƙa wuluk, kujerun fata, farashinta bai kai na Yaris ba, sai zuciya ta fara raya maka hoton da za ka aika gida a gani a zauren 'yan uwa. Wani dattijo ɗan Argungu da ya daɗe a Bamingham ya ji wani yaro yana yabon irin wannan, sai ya ce masa, "Ɗana, wagga mota doki ta. Kuɗin saye sau guda a ka biya, harawa kullum." Yaron ya ce, "Kawu, ai lafiyarta lau." Ya ce, "Lafiyarta lau shi as sa mai ita ya kai ta kasuwa?" Bakanike a nan da awa yake caji, kuma ba ya ɗaure abu da waya ya ce ka je ka dawo, sai dai ya cire ya sa sabo. Taya huɗu na irin wannan mota kaɗai sun isa su cinye albashin mako.

Dizal ma a yi hattara. Yana da matatar hayaƙi da ke buƙatar doguwar tafiya a babbar hanya kafin ta ƙone dattin da ta tara, kuma wanda tafiyarsa daga gida zuwa asibiti ce zuwa masallaci zai toshe ta. Ga kuma kuɗin gurɓata iska. Tun 29 ga Agusta 2023 tsarin ULEZ ya game dukkan unguwannin Landan: fam 12.50 kowace rana ga motar da ba ta cika ƙa'ida ba, wato galibi dizal da ya girmi Satumbar 2015 da fetur da ya girmi 2006. Tsakiyar Bamingham fam 8 ne. Ana duba lambar mota kyauta a intanet a ga ko za ta biya. Mai yawo cikin gari, in kuɗi sun kai, mota mai haɗa fetur da batir ta fi masa komai.

Dillalin sababbin motoci zai so ya kai ka ga tsarin PCP. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya wata-wata shekara uku ko huɗu, a ƙarshe ko ka biya wani dunƙulallen kuɗi motar ta zama taka, ko ka mayar da ita. Abin da zai nanata maka shi ne na wata, don ya fi daɗin ji. Ka ce ya rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da iyakar mil da aka yarda ka yi a shekara, domin duk mil da ya haura sai ka biya. Sabon zuwa ba shi da tarihin bashi a ƙasar, bizarsa kuma mai wa'adi ce, don haka kuɗin ruwan da za a ɗora masa ya fi na tallar da ya gani. Ga kuma maganar riba, wadda kowa ya san matsayinta a wurinmu. Akan sami tayin da babu ruwa ko kaɗan a kan wasu sababbin motoci, wannan sai mutum ya kai takardar ga malaminsa su duba tare. Da yawa cikinmu adashi ne ya saya musu motar farko, mutum shida ko takwas da suka yarda da juna, kuma ban ga abin da ya fi shi kwanciyar hankali ba.

In ta hannu za ka saya, akwai aikin minti goma da ba a tsallakewa. Shiga shafin gwamnati na tarihin MOT ka sa lambar motar, kyauta ne. Zai jero maka kowace shekara da mil ɗin da ta yi da abin da aka gani. Bi lambobin mil da ido: in bara 92,000 ne bana kuma 61,000, an taɓa agogon, rufe shafin kawai. Karanta gargaɗin da mai gwaji ya rubuta a ƙasa, musamman tsatsa, in ka ga tana maimaituwa shekara bayan shekara. Mu da muka taso inda rana da ƙura ne ke cin mota ba mu saba duba ƙarƙashi ba, amma a nan gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi, kuma daga ƙasa yake ci. Durƙusa ka haska fitilar waya a bayan tayoyin baya, ka danna ƙarfen da yatsa. In yana ɓarɓashi, yi sallama. Ka kuma roƙa kada a tayar da injin kafin ka iso, ka taɓa bonet ka ji ko da ɗumi, don injin mai matsala da sanyin safiya yake tona kansa.

Bayan wannan ka biya 'yan fam a bincika maka ko akwai bashi a kan motar, ko ta sata ce, ko ta taɓa hatsarin da inshora ta yanke mata hukunci, abin da suke rubutawa Cat S ko Cat N. Motar da ake bin bashi, kamfanin na iya zuwa ya ɗauke ta a ƙofarka ko da ka biya mai sayarwa tsaf. Saye a wurin dillali mai rajista ya fi tsada kaɗan, amma dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da aibi. Wanda ka haɗu da shi a Facebook kuka yi ciniki a filin ajiye motoci na kanti, in ya kashe waya shi ke nan.

Kada kuma ka saya da niyyar aika ta gida in ka tashi komawa. Sitiyarin motocin nan a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma bin hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da irin waɗannan a hanya ba. A nan za ka sayar da ita, don haka zaɓi wadda ake nema.

Ranar ɗauko ta, ka tabbata sunan da adireshin da ke takardar mallaka ta V5C sun dace da wanda ke tsaye a gabanka, lambar jikin mota da ke ƙasan gilashin gaba ta dace da ta takarda, kuma ya yage maka koren ɓangaren sabon mai mota. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita tun Oktoban 2014, don haka da lambar da ke koren ɓangaren nan za ka biya naka a waya, kana tsaye a wurin. Yawancin motocin da aka yi wa rajista daga Afrilun 2017 suna biyan kusan fam 200 a shekara, wasu ƙanana da suka girme su kuwa fam 20 ko 35 kacal. Inshora ita ma ta fara aiki daga wannan awar, kafin ka murɗa makulli.